Maki 5.5 na samu, ana neman 6.5, maigida ya ce ya isa haka

Assalamu alaikum Anti. Dan Allah a sakaya sunana. Shekarata 35, ina zaune a Garwa, ina da aure da yara uku, ƙaramin bai cika shekara uku ba. Na yi lisans, wato digirin farko, a jami'ar Ngawundare ɓangaren lissafin kuɗi, yanzu shekara tara ina aikin akanta a wata ƙungiya mai zaman kanta, duk wanda ya zo da mastas sai a ɗora shi a kaina ko da ni na koya masa aikin. To na samu wani kwas na mastas a Holand da ake ba da tallafin karatu, amma da Ingilishi ake koyarwa, suna neman maki 6.5 a IELTS, jarabawar auna Ingilishi mai ɓangare huɗu, kuma kada wani ɓangare ya gaza 6. Ni kuwa duk karatuna da Faransanci na yi, Ingilishin na lise ne kawai, wato sakandare, sai ɗan wanda nake karantawa a rahotannin biro, wato ofis. Na yi wata biyu ina kallon bidiyo a YouTube da dare, na ɗauki adashi na je Yawunde na zana. Sakamako ya fito 5.5, karatu 6.5, magana 5.5, sauraro 5, rubutu 5. Kuɗin jarabawa da mota da jirgin ƙasa da masauki sun ci min kusan sefa dubu 300. Maigida da farko ya yarda, yanzu ya ce ya isa haka, haƙƙin yara nake zubarwa, surukata ma ta fara magana. Shef ɗina, wato shugabana a wurin aiki, ya ce babu konje, wato hutu, sai an rufe lissafin shekara. Saura wata uku a rufe karɓar takardu. Wata ƙawata ta turo min lambar wani a WhatsApp wai yana fitar da takardar IELTS mai maki 7 ba sai an zauna ba. Anti wallahi kaina ya kulle. In sake zanawa a ɓoye ne, in sayi takardar, ko in haƙura dama ƙwaƙwalwar mai 'ya'ya uku ta daina ɗauka?

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da ƙoƙari, Allah ya sanyaya miki. Na karanta saƙonki sau biyu kuma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne tambayarki ta ƙarshe, to da ita zan fara. Macen da duk karatunta da Faransanci ta yi, ta rabu da aji shekara da shekaru, tana tashi aiki ta dawo ta tarar da girki da wanka da aikin gida na yara, sannan cikin wata biyu kacal ta je ta samo 6.5 a ɓangaren karatu, wallahi wannan ba a ce mata ƙwaƙwalwa ta daina ɗauka. Ɓangaren karatun nan dogayen rubutu uku ne irin na jami'a da tambaya 40 cikin minti 60, akwai waɗanda suka yi sakandare gaba ɗaya da Ingilishi da suke yin gumi a kansa. Kanki lafiya lau yake. Abin da ya faru shi ne kin shiga jarabawar kafin ki san inda kike, kuma ɓangarori biyun da kika fi rauni su ne dai waɗanda kallon bidiyo ba ya gyarawa.

Maganar mai sayar da takarda kuwa a rufe ta tun yanzu, ki goge lambar. Kowace takardar sakamakon IELTS tana da lambarta, jami'o'i suna shiga intanet su duba ta kai tsaye a rumbun masu jarabawar, wato British Council da IDP da Cambridge, in babu sunanki da wannan makin a can shikenan an gano. Daga nan ba tallafin bana kaɗai kika rasa ba, sunanki ne ya ɓaci a wajen jami'ar, kuma takardar bogi a cikin neman biza tana iya rufe miki ƙofa na shekaru. Ga shi mutumin zai nemi kuɗi da kwafin fasfonki da hotonki, kin damƙa wa wanda ba ki sani ba duk bayanan kanki. Ke akanta ce fa, amana ita ce jarinki, ranar da aka ji a biro cewa kin taɓa amfani da takardar bogi wa zai sake barin cak a hannunki. Ko da a ce ya wuce, ke ce za ki zauna a aji malami na zuba bayani na awa biyu da kunnen da yake kan maki 5, babu mai sayar miki da wannan. Ƙawar taki kada ki riƙe ta a rai, tausayinki ta ji, ki dai gaya mata ta daina tura wa mutane wannan lambar.

Yanzu zo mu yi lissafi tunda sana'arki ce. Ana haɗa makin ɓangarori huɗun ne a raba huɗu, in ya faɗa kan 6.25 sai a ɗaga shi zuwa 6.5. Ke jimillarki yanzu 22 ce. Abin da kike nema 25, misali karatu 7, sauraro 6, rubutu 6, magana 6, kin ga ya ba da 6.25 kenan, an ɗaga, kuma babu inda ya gaza 6. Ba sai kin zama Baturiyar Ingila ba. A sauraro maki 5 yana nufin kin ci wajen tambaya 16 cikin 40, maki 6 kuwa wajen 23 ne, ƙarin amsa bakwai kenan ko ƙasa da haka. A karatu maki 7 yana wajen 30 cikin 40, kuma kina dab da shi. Magana rabin maki ake nema. Rubutun ne zai ja ki, shi ne yake tafiya a hankali a wajen kusan kowa, zan dawo kansa.

Gaskiyar da ba za ta yi miki daɗi ba ita ce wata uku ba za su isa ba, musamman waɗannan ukun da suka faɗo kan rufe lissafin shekara. Cambridge da kansu suna ƙiyasta cewa hawa mataki guda a harshe yana cin wajen awa 200 na karatu mai tsari, ba dole ya zama haka a kan kowa ba amma ma'auni ne mai kyau. In kika samu awa ɗaya kullum da ɗan ƙari ranar Asabar ko Lahadi, wata shida kenan. In kika matsa kika sake zanawa a Disamba da gajiyar biro a jikinki, abin da na fi zato shi ne ki dawo da 5.5 ko 6, wata dubu 300 ta tafi, kuma wannan karon maigida yana da hujja a hannu. Ni shawarata ki saki zagayen bana ki nufi na baɗi da shiri. Amma kafin ki saki, a cikin makon nan ki rubuta wa ofishin karɓar ɗalibai na jami'ar imel gajere, ki faɗa musu makinki ɗaya bayan ɗaya, ki tambaye su abu uku: shin suna karɓar takardu a ba da gurbi bisa sharaɗin a kawo sakamakon Ingilishi daga baya, in eh wace rana ce ta ƙarshe, sannan wace jarabawa suke karɓa ban da IELTS. Jami'o'i da yawa suna ba da irin wannan gurbin na sharaɗi, sai dai sau da yawa masu ba da tallafin sun fi jami'ar tsauri, to ki tambaya game da tallafin daban. In suka ce za ki iya kawowa a watan Mayu ko Yuni, kin ga kin tsira da banan ma. In suka ce a'a, kin huta da zullumi, kuma sakamakon IELTS shekara biyu yake yi ana karɓarsa, wanda kika samu a tsakiyar shekara zai yi miki aiki a zagaye biyu. Ki kuma leƙa shafin ofishin jakadanci ki ga sharaɗin biza ga mai fasfon Kamaru kafin ki sake kashe ko dala, dokokin nan suna canzawa.

Sai maigida, kuma a nan nake so ki ɗan zauna da ni. Zanawa a ɓoye kam a'a. Tafiya ce ta mota daga Garwa zuwa Ngawundare, a kwana a jirgin ƙasa zuwa Yawunde, a yi kwanaki a dawo, da me za ki rufe wannan? In kin ce aikin biro ne ya kai ki kin fara gini a kan ƙarya, in kin ci jarabawar ma ranar da za ki nuna masa sakamakon ranar ce zai san kin yaudare shi, alhali yardarsa kike nema ta tafiyar shekara guda ko biyu. Mutumin nan da farko ya yarda fa, kada ki manta da wannan, mijin da ba ya son cigabanki tun ranar farko zai hana. Ki tsaya a inda yake tsaye ki duba. Ya ga wata biyu matarsa na kan waya har tsakar dare, ya ga adashi ya tafi, ya ga kin dawo da kuka, ga mahaifiyarsa na yi masa magana, ga kuɗin makarantar yara da aka biya a Satumba bai gama farfaɗowa ba. Kuma ina kyautata zaton akwai abin da bai furta ba, wanda ya fi kuɗin nauyi: in kika ci fa? Wa zai riƙe yaron da bai kai shekara uku ba? Yawancin tallafin karatu ɗalibi kaɗai yake ɗauka, ba ya biyan kuɗin iyali. A wasiƙarki ba ki ce komai a kan wannan ba, kuma ina jin ku biyun duk kuna kewaye maganar ne, kuna faɗa a kan dubu 300 saboda ita ta fi sauƙin faɗa.

To ki nemi lokacin da hankalinsa yake kwance, ba yana shigowa daga kasuwa ba kuma ba a gaban yara ba. Ki fara da gode masa kan yardar farko, ki ce masa kin ji maganarsa kuma ba za ki sake taɓa kuɗin gida ko cin bashi saboda jarabawar nan ba. Sannan ki ajiye masa takarda a gaba kamar yadda kike ajiye wa shef kasafin kuɗi, ga abin da zan riƙa cirewa daga albashina duk wata, ga watan da zan zana, ba zan biya ba sai na ga makin a gwajin gida, in na zana sau ɗaya ban samu ba ga abin da zan koma yi a nan gida. Namiji ya fi samun natsuwa da abin da ya ga iyakarsa. Daga nan ki buɗe maganar yaran da kanki, ki tambaye shi yadda yake gani, ki yi shiru ki saurara ko da abin da zai faɗa bai yi miki daɗi ba. Wa za ta zauna da su, mahaifiyarki ce ko ƙanwarki ko surukar taki, hutu nawa za ki iya zuwa, kwas ɗin shekara ɗaya ne ko biyu. Mai yiwuwa ku tarar shekara guda abu ne mai yiwuwa in ƙaramin ya shiga makaranta, mai yiwuwa kuma ku tarar bai yiwuwa yanzu, duka biyun gara ki sani kafin ki zuba awa 200.

Surukarki kada ki yi musu da ita kuma kada ki aika mata da amsa ta bakin kowa. Tsoronta jikokinta ne da abin da mutane za su ce. In kun daidaita da ɗanta shi ya kamata ya je ya yi mata bayani, ke kuma ki ci gaba da gaisuwa da ɗan abin hannu kamar yadda kika saba. Shi kuma shef, gaskiya yana da hujja, babu ofishin da zai saki akantarsa a Disamba. Ki bar maganar konje yanzu, in an rufe lissafi an miƙa rahoto sai ki same shi ki nemi mako guda a watan da za ki zana, tun da wuri a rubuce. Ki kuma roƙe shi abin da ba zai ci masa komai ba, ya riƙa sa ki cikin tarukan da ake yi da Ingilishi da masu ba da tallafi, ya bar ki ki riƙa rubuta daftarin imel na Ingilishi. Za ki buƙaci wasiƙar shaida daga hannunsa ranar neman gurbin, to ki lallaɓa wannan alaƙar.

Yanzu karatun kansa. Daga yau zuwa Janairu kada ki ɗora wa kanki da yawa, minti 20 zuwa 30 na sauraro kullum ya isa, don kunne ya saba. Labaran Ingilishi na CRTV, gidan rediyo da talabijin na Kamaru, suna nan kyauta, kuma tunda kin riga kin ji labarin da Faransanci za ki gane inda aka dosa. Akwai shirin BBC mai suna 6 Minute English, minti shida ne kuma yana zuwa da rubutaccen abin da aka faɗa, ki sauke su a waya lokacin da kike da intanet a biro don kada ɗaukewar wuta ko rashin netwok su tsayar da ke. Yadda za ki yi shi ne ki saurara sau ɗaya ba tare da kallon rubutun ba, ki sake saurara kina rubuta abin da kika kama, sai a na uku ki buɗe rubutun ki ga inda kunnenki ya zame. Wannan na ukun shi ne karatun, sauran duk share fage ne. Kallon bidiyon wani yana bayanin dabarun jarabawa yana sa mutum ya ji kamar yana karatu alhali kunnensa bai motsa ba.

Ga wani ƙaramin abu da yake cinye wa 'yan makarantar Faransanci maki a banza. A farkon ɓangaren sauraro sau da yawa za ki ji mutum biyu suna waya, ɗaya na ba da sunansa ko sunan titi yana jero haruffa ɗaya bayan ɗaya, ko lambar waya, ko kwanan wata. Sau ɗaya tak ake kunnawa. Bature zai ambaci harafin E, kunnenki na Faransanci ya rubuta I, ya ambaci G ki rubuta J, kafin ki gyara an wuce tambaya biyu. Kuskuren harafi guda kuma ya kashe amsar gaba ɗaya. Maganinsa sati biyu ne, ki sa babban ɗanki ko 'yarki su riƙa jero miki sunaye da lambobi da haruffan Ingilishi bayan sallar isha'i kina rubutawa, su yi miki maki, yara suna son wannan sosai kuma sai karatun naki ya zama abin gida ba abin da yake ɗauke musu uwa ba. A cikin amsa bakwai ɗin da muke nema, biyu ko uku a nan suke kwance. Kuma kada ki taɓa barin gurbi fayau, ba a rage maki don an yi kuskure.

Daga Fabrairu sai a shiga aikin sosai. Ni na fi son bayan sallar asuba a kan dare, kafin gida ya tashi kuma kafin zafin Garwa na Maris da Afrilu ya sauko, ƙwaƙwalwar ƙarfe goma na dare bayan aikin yini ba ta riƙe komai. In azumi ya shigo a tsakani ki rage, kada ki daina.

Rubutu aiki biyu ne cikin minti 60. Na farko a ba ki jadawali ko zanen alƙaluma ki bayyana da kalma 150 aƙalla, wannan kam gidanki ne, kullum abin da kike yi kenan a rahoton kuɗi, abin da ya hau da abin da ya sauka da wanda ya fi, ki dai tabbatar kin sa jimla ɗaya ko biyu da suka ba da hoton gaba ɗaya kuma kada ki sa ra'ayinki. Na biyu muƙala ce ta kalma 250 aƙalla, kuma makinta ninki biyu ne na ta farko, to minti 40 nata ne ko me ake ciki. A nan ne tarbiyyar lise take yi wa mutanenmu illa. An koya mana doguwar gabatarwa, a kawo wannan gefe, a kawo wancan, sai can ƙarshe a fito da matsaya cikin dogayen jimloli masu ado. Mai duba IELTS in an tambayi ra'ayinki so yake ya gan shi tun sakin layi na farko, sannan kowane sakin layi dalili guda da misali guda, a rufe. Abu huɗu yake aunawa daidai wa daida, ko kin amsa abin da aka tambaya, ko maganar na bin juna, yawan kalmominki da dacewarsu, sai nahawu. Jimla gajera mai lafiya ta fi doguwa mai karaya uku. Kuma kada ki haddace muƙala ki je ki juye, sun san su.

Rubutu ba ya gyaruwa sai wani ya sa jan alƙalami a kai, a nan ne kaɗai zan ce ki kashe kuɗi. Ki leƙa cibiyar koyar da harsuna ta gwamnati da ke nan Garwa ki ji tsarinsu da lokutan ajin ma'aikata, ko ki nemi malamin Ingilishi a lise bileng, wato sakandare mai harshe biyu, akwai 'yan Bamenda da Buya da yawa da suke koyarwa a Arewa. In da hali ki samu mace, zai fi kwantar wa maigida da hankali kuma ta iya zuwa gida. Ki tambaye ta ko ta san tsarin IELTS, in ba ta sani ba ki sauke ma'aunin maki daga shafin IELTS ki kai mata, a fili yake kyauta. Muƙala biyu a mako, ta gyara, ke kuma ki sake rubuta wadda aka gyara ɗin kafin ki taɓa sabuwa. Ki ajiye ƙaramin littafi na kurakuranki, za ki ga guda biyar ko shida ne suke ta dawowa. Manhajojin nan irin su ChatGPT suna taimakawa wajen nuna kuskuren nahawu, amma kada ki yarda da makin da suka ba ki, kuma kada ki bari su rubuta miki.

Magana minti 11 zuwa 14 ce ke da mutum guda. A tsakiya zai miƙo miki kati da batu, minti ɗaya ki shirya, sai ki yi ta magana har minti biyu. Ki riƙa yin wannan a kicin, ki jingina waya ki danna rikodin, ki ba da labarin kasuwar da kika je ko wata malama da ta taɓa taimakonki, in kin gama ki saurari kanki. Ranar farko ba za ki so muryarki ba, ki daure. Ba a rage maki don harshenki na Bahaushiya ko na Faransanci ya fito, abin da ake nema a gane ki ba tare da wahala ba kuma kada ki riƙa tsayawa kina neman kalma. Ki samu abokiyar aiki mai Ingilishi ku yi alkawarin minti 15 kullum babu Faransanci babu Fulatanci, ki dai roƙe ta ta yi miki na makaranta, Pidgin daban ne kuma ba zai ba ki maki ba.

Karatu kuwa ki riƙe abinki, Faransancinki na taimaka miki a nan don manyan kalmomin ilimi da yawa kusan ɗaya suke a harsunan biyu. Ki dai yi ta gwada tambayoyin nan na gaskiya ne, ƙarya ne, ko ba a faɗa ba, da agogo a gabanki, minti 20 kowane rubutu.

Duk ƙarshen wata ki ware safiyar Asabar guda, a kai yara gidan kaka, ki ɗauki cikakkiyar jarabawa daga littattafan gwaji na Cambridge, na Academic, wato na masu neman jami'a, ba General ba, ki yi ta a jere babu tashi babu waya. Sai kin ga 6.5 sau biyu a jere sannan ki biya kuɗin rajista. In a kwamfuta za ki zana ki tambayi cibiyar wane irin kibod ne, mu a ofisoshinmu AZERTY na Faransanci muka saba da shi, in kika tarar da QWERTY na Ingilishi ranar jarabawa yatsunki za su yi ta sa Q a inda kike nufin A kina kallon agogo na tafiya. Ki tambaye su kuma ranar da za a yi ɓangaren magana, don yana iya faɗawa wata rana daban cikin mako guda kafin ko bayan sauran, ki gaya musu daga Garwa kike ki roƙi a haɗa miki. Ki isa Yawunde da kwana biyu a hannu, kada ki sauka daga jirgi da kumburarriyar ƙafa ki wuce ɗakin jarabawa, kuma fasfon da kika yi rajista da shi shi za ki riƙe. Akwai tsarin sake zana ɓangare guda cikin kwana 60 ga wanda ya zana a kwamfuta, ba kowace cibiya ke yi ba kuma ba kowace jami'a ke karɓa ba, amma ki tambaya, in rubutu kaɗai ya rage miki zai yi miki rana.

Sannan ƙanwata ki tambayi kanki tsakani da Allah, Holand kike so ko mastas ɗin da zai hana a riƙa ɗora miki yara a kai? In na biyun ne ƙofofin sun fi ɗaya. Jami'ar Ngawundare da ta Marwa da sabuwar ta Garwa da aka kafa a 2022 duk suna kusa, ki je ki ji wane mastas na ma'aikata suke da shi a fanninki. Akwai Faransa ta hanyar Campus France, hukumarsu ta ɗaliban waje, akwai Beljiyam da Maroko da Senegal, duk da Faransancin da kike da shi a hannu. In Ingilishin kike so ya zauna, Yola na nan tsallaken iyaka da jami'ar Modibbo Adama, ga kuma karatun nesa ta intanet da mutum zai yi yana kan aikinsa yana ɗakinsa. In jami'ar ta ce tana karɓar jarabawar Ingilishi ta Duolingo, ita a gida ake yi da kwamfuta mai kyamara cikin wajen awa ɗaya kuma ta fi araha nesa ba kusa ba, babu tafiya Yawunde, sai dai tana son intanet mai ƙarfi da ɗaki shiru da wutar da ba za ta ɗauke ba. Jarabawar TOEFL ma ana karɓa a wurare da yawa amma tunda kin riga kin san hanyar IELTS ban ga dalilin sauya layi ba. Ko wanne kika zaɓa Ingilishin da za ki gina a wata shidan nan ba zai tafi a banza ba, a aikin ƙungiyoyi akanta mai harshe biyu ana nemanta.

Ki tura imel ɗin nan kafin Juma'a, ki zauna da maigida a ƙarshen mako, in amsar jami'ar ta zo ki turo min ita tare da abin da kuka tsayar a kan yaran sai mu tsara watannin tare. Allah ya yi miki jagora, ya raya zuri'a, ki gaida maigidan.